Sabis a Kan Dutsen Bayan Gidanmu

Babana ya bar aikin soja da muƙamin saje, da gwiwa ɗaya mai ciwo duk lokacin da hadari ya haɗo, da kuma alkawarin da ya ɗaukar wa kansa cewa babu ɗansa da zai sa kaki. A Zuru wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin da wuya ka shiga gida a unguwarmu ta Rikoto ba ka ga hoton wani da hular soja a bango ba. Yaro zai taso yana noma a gindin tsauni, da ƙafarsa ta yi ƙwari sai ka ji an ce ya tafi Zariya horo. Baba ya ce shi kam ya isa. An tura su ƙasashen waje kwantar da tarzoma, ya dawo, wasu abokansa ba su dawo ba, kuma ba ya son a tambaye shi labarin.

"Na sa kakin kowa a gidan nan," haka yake cewa. "Har na jikoki na sa."

Da kuɗin sallamarsa ya buɗe shago a ƙofar gida, ana sayar da sabulu, sukari, ashana, madarar gwangwani da kananzir. Allon da ya sa aka rubuta ya fi shagon faɗi, saboda bayan sunansa an ƙara "da 'Ya'yansa". Mu uku ne 'ya'yan: yayana, ni mace tilo, sai ƙanena. Dabarar Baba mai sauƙi ce. Shago zai yi rassa, kowane ɗa ya kama reshe ɗaya, kowa ya zauna a gida. Don haka duk wata dama da ta gifta, Baba ba ya fara tambayar ko akwai riba a cikinta. Abin da yake tambaya shi ne, wa za ta riƙe mini?

Wanda ya fi bukatar riƙewa shi ne yayana. Dogo ne, ƙirjinsa kamar faifai, kuma tun yana firamare yake yi wa awakin Mama fareti. Baba ya fara saya masa injin markaɗe. Mata suka riƙa zuwa da wake da tattasai suna tarar da shi a ƙasa kusa da injin yana motsa jiki, sai sun jira ya gama. Aka sayar da injin aka sayi babur don ya yi kabu-kabu. Shi kuma ya zaɓi fasinjojinsa: duk sojan da ya zo hutu, yayana zai kai shi ƙauyensu kyauta, in dai zai ba shi labarin bariki a hanya. Baba ya karɓe makullin.

Ana cikin haka wayar salula ta fara shigowa ƙasar nan. Mu a Zuru labarinta muke ji, sabis bai iso mu ba tukuna. Wani ɗan ƙanen Mama, soja, ya zo hutu da tasa a aljihu, ba ta yin komai sai nuna lokaci. Wata rana da yamma suka hau dutsen da ke bayan gidanmu shi da yayana suna shan iska, sai wayar ta yi ƙara. Yayana ya ce saura kaɗan ya faɗo. Suka sauko, wayar ta mutu. Suka koma, ta farfaɗo. Ko daga ina sabis ɗin yake tsallako tsaunuka ya sauka a kan wannan dutse, har yau ban sani ba.

Dutsen nan babu wanda ya taɓa damuwa da shi. Yana tsakanin gidanmu da na maƙwabcinmu, wani tsohon manomi da muke kira Kawu. Matar Kawu tana shanya kuɓewa a kai, awaki suna kwana a gefensa. Amma washegari da sassafe Baba ya tuna cewa kakansa a kan dutsen yake zama yana gyaran kibiya. Kafin rana ta take an kewaye shi da zana, an bar ƙofa ɗaya, ta cikin gidanmu.

Kawu ya leƙo ta kan katanga. "Saje, mi ya faru? Dutsen ya yi laifi ne aka tsare shi?"

"Gyara ne kawai, Kawu. Awaki suna ɓata wurin."

"Awakin wa? Ai na gidanka ne."

Baba ya yi dariya, ya zagaya ya same shi, suka zauna a kan benci. Ban ji duk abin da suka faɗa ba, amma an tashi a kan cewa matar Kawu za ta ci gaba da shanyarta a ɓangaren gabas, kuma Kawu zai yi waya kyauta muddin ransa. Kawu ya koma gida yana murna. Sai daga baya ya lura duk mutanen da ya sani a duniya suna zaune ne tsakanin Rikoto da Bena, kuma babu mai waya a cikinsu.

Baba ya tafi Kontagora ya dawo da waya da eriya. Aka ɗaura eriyar a kan dogon bututu, aka kafa laima, aka ajiye tebur da kujera. An yi wannan reshe ne domin yayana, amma da yake ba ya iya zama wuri ɗaya, ni da na gama sakandare ina jiran sakamako na zama mai danna lamba. Shi kuma aka ba shi aikin juya eriya in sabis ya gudu, aikin da ya yi masa daɗi saboda akwai hawa a ciki.

Kasuwa ta buɗe fiye da yadda Baba ya zata. Matan sojoji, iyayen sojoji, 'yan matan da sojoji suka yi wa alkawari, duk suka yi layi a tsakar gidanmu, kowa da 'yar lambarsa a ƙulle a bakin zane. Sabis ɗin ba shi da ƙarfi, dole mutum ya ɗaga murya. Tsofaffi kuma sun ɗauka tunda Legas da nisa, sai an yi ihu kafin a ji. Wasunsu ma sun yi imani wayar ba ta jin C'lela, yarenmu, sai su juya zuwa Hausa suna kwarara ta daga kan dutse kamar masu shela. In wata ta hau tana tambayar mijinta dalilin da bai aiko da kuɗin taki ba, har masu wucewa a titi sukan tsaya su ji amsar da ya bayar, don za ta maimaita ta da ƙarfi kafin ta ƙaryata shi.

Mama ta dubi wannan layi na mutane ta ga ba daidai ba ne a bar su da ƙishirwa. Ta kafa teburinta a gindin dutsen, kunun zaƙi da ƙosai da gyaɗa. Mama mace ce gajera mai fara'a, tana cikin zumuntar mata a coci, kowa nata ne. Tana zuba kunu tana gaisawa, kunnenta kuma yana sama. Cikin ɗan lokaci ta san wanda aka ƙara wa girma, wanda zai zo hutun Kirsimeti, wadda ta haihu a barikin Kaduna za a kawo ta gida, da wanda za a yi wa taron godiya a coci saboda ya dawo lafiya.

Da farko abin ya tsaya a shago. Mama za ta ce wa Baba ya ƙaro shinkafa da man gyaɗa, washegari sai ga wata ta zo sayen shinkafa da man gyaɗa don maigidanta yana hanya. Baba ya riƙa yaba wa kansa da iya hangen kasuwa. Daga baya Mama ta fito da babbar shawara: a sayi kujerun roba, da rumfar kanofi, da manyan tukwane, a riƙa ba da haya. Ta ce taro ba ya ƙarewa a garin nan, kuma ita tana sanin sa tun kafin masu shi su gama shawara.

A nan ne Baba ya gane inda hangen kasuwarsa yake fitowa. Muna cikin cin abincin dare, ya ajiye cokali.

"Maman yara, sauraren maganar mutane kike yi?"

"Ni? Ina zaune a wurina maganar take zuwa ta same ni. Kunne yana da marfi ne, Saje?"

"A soja, wanda ya saurari waya ba da izini ba, gadurum ake kai shi."

"To ai ka yi ritaya." Ta ƙara masa miya. "Ni dai yaron nan nake tunani. Bana zai gama makaranta, kuma jiya na gan shi yana gwada tsohon takalminka."

Ƙanena take nufi. A ranar kasuwa ta gaba aka sauke kujeru a ƙofar gidanmu, aka rubuta harufan sunan Baba a bayan kowace da jan fenti, ƙanena ya zama manajan haya. Game da gadurum, ba a sake tayar da maganar ba.

Haka muka yi ta tafiya. Mace za ta sauko daga kan dutse tana share hawayen murna, Mama ta tare ta da kofin kunu, ta taya ta murna, a cikin murnar ta ambaci cewa kujerunmu sababbi ne kuma Disamba ana rububinsu. Akwai wani ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan babur a cikin gari wanda shi ma yake ba da hayar kujeru. Ya rasa yadda ake yi duk gidan da ya je ya tarar Mama ta riga shi. Ya taɓa tsayar da ni a kasuwa ya ce, "Faɗa mini gaskiya, mamanki tana mafarki ne?"

Abin da ya karya wannan ciniki wata tsohuwa ce daga bayan tsauni, gwaggon wani kofur da ke aiki a Fatakwal. Ya aiko a ce ta zo zai kira ta. Na miƙa mata wayar, ta riƙe ta da hannu biyu, ta fara maimaita duk abin da ya faɗa da iyakar muryarta.

"Aure? To, madalla! Wace ɗiya? Ta dattijon coci? Mai koyarwa a firamare? A Kirsimeti? To, na ji. In yi shiru? To, na yi shiru!"

Dattijon cocin nan kowa ya san shi, mutum ne mai tsare gida, wanda ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya amsa. Abin da kofur yake so shi ne gwaggonsa ta fara shirya manya a asirce, a je a nemi izini yadda aka saba. Mama ba ta ji wannan ɓangaren ba, ko kuma ta ji ta ga Disamba ta matso. Washegari ta yafa gyalenta na zuwa coci ta nufi gidan dattijo. Ta tarar da shi da matarsa a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa.

Yadda ta ba mu labari daga baya, ta yi sallama, ta zauna, ta ce ta zo taya murna, Allah ya sa albarka, kuma kada su damu da maganar kujeru da kanofi, ta riga ta ware musu.

Dattijo ya ce, "Murnar me?"

Mama ta ce a nan ne ta gane ba su da labari. Ta dubi matar, matar ta dubi mijinta, 'yar kuma da ke wanke-wanke a gefe ta saki kwano ta shige ɗaki. Mama ta yi ƙoƙarin juya maganar ta koma kan bikin girbi na coci, amma dattijo ya riga ya miƙe yana kiran 'yarsa da cikakken sunanta.

Kafin Lahadi labari ya gama gari. Dattijo ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ya sanar da masu hayar kujera kafin ya sanar da uban yarinya ba. Kofur ya kira yana faɗa, ni na ɗauka, na girbi abin da ban shuka ba. Mata suka fara lissafin abubuwan da suka taɓa faɗa a kan dutsen, kowace ta tuna Mama tana ƙasa da ludayi a hannu. Layin tsakar gidanmu ya ragu, ya koma 'yan tsiraru. Ɗan Ibon nan kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya haɗa bututu biyu ya ɗaga eriya a kan rufin shagonsa, ya samu ɗan sabis da bai kai namu ba, amma ya kafa ƙaramin ɗaki na katako mai ƙofa. Mutane suka gwammace su yi ta "halo, halo" a ɗaki a rufe.

Baba ya tara mu a tsakar gida, muka tsaya a jere, har da Mama, ko da yake ita ta jawo kujera ta zauna. Na ɗauka zai yi faɗa a kan cinikin da aka rasa. Bai ko ambace shi ba.

"Shagon nan ba na bana ba ne," ya ce. "Na yaran nan ne, da 'ya'yansu. In aka ce gidan Saje ba a rufa asiri, ko gishiri ba mai saya a hannun jikokina. Daga yau, abin da aka faɗa a kan dutsen nan ya mutu a kan dutsen. Ko ni ba a faɗa wa. Ko ni! An ji?"

Muka ce an ji. Mama ta ce ita dama ba ta cika son surutu ba.

Aka mayar da teburin kunu ƙofar gida, aka ja bulo aka yi ɗan ɗaki a kan dutsen. Sannan Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya maƙala lambobin yabonsa, ya ɗauki Kawu a matsayin dattijo, suka tafi ba da haƙuri. Sai da suka yi sawu uku kafin dattijon coci ya yarda ya karɓi manyan kofur. Auren bai yiwu a Kirsimeti ba, sai bayan Ista. Baba ya ba da kujeru da kanofi kyauta a matsayin tara. Mama ta amince da hukuncin ba musu, ta kuma samu kwangilar lemon kwalba da shinkafar bikin, don a cewarta ba ta ji an ambaci shinkafa a cikin tarar ba.

Sannu a hankali mata suka dawo. A cikin wannan lokaci ne yayana ya fara yawan hawa dutsen da rana tsaka, lokacin da babu kowa. Yakan karɓi wayar a hannuna ya ce in je in sha ruwa. Ɗakin bulon ba shi da rufi, saboda Baba ya ce kwano zai tare sabis, kuma Mama takan zo bayan gida ɗebo itace. Na gan ta sau da yawa tsaye da itace a hannu, ba ta motsi, yayana kuma a ciki yana tambayar ɗan ƙanenta yaushe za a fara ɗaukar kurata, kuma wace takarda ake bukata. Wata rana idanunmu suka haɗu, ta ɗora yatsa a leɓe ta wuce.

Da lokaci ya yi yayana ya ce zai je Birnin Kebbi duba wani aboki. Ya dawo an aske masa kai, sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka soja. Ya durƙusa a gaban Baba a shago ya faɗa masa. Baba ya tashi ya shiga gida, ya sami Mama tana tankaɗe.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kika yi shiru?"

"A kan dutse aka faɗa, Saje. Ka ce ko kai."

Baba ya fita ya zauna a benci wajen Kawu har rana ta faɗi. Kwanaki ba ya cin abincin kirki, mu ma gidan ya yi mana faɗi. Daga baya Mama ta gaya mini ba don dokar ta yi shiru ba. Ta ce ta daɗe da sanin yaron nan ko an ɗaure shi da igiya a jikin kantar shago sai ya tafi, gara ya tafi da albarka da ya gudu ba sallama. Ranar tafiyarsa Baba ne ya raka shi tasha. Ya koya masa yadda ake naɗe safa don kada ƙafa ta yi kanta, ya sa masa hannu a ka ya yi addu'a.

Ba a daɗe ba aka kafa dogon ƙarfen sabis a cikin gari. Waya ta fara kamawa a ko'ina, har a ɗakin girki, kowa ya sayi tasa. Muka sauke eriya, muka koma sayar da katin waya a shago, awaki suka karɓi ɗakin bulon.

Baba ya je Zariya bikin yaye su yayana, ya dawo da hoto da kuma sabon tunani. Ya lura duk yaron da zai je neman soja sai ya nemi farin takalmin kambas, gajeren wando, farar singileti da bokiti, kuma yaran Zuru a hanya suke saye da tsada. Ya ce tunda ba a iya hana su, ai gara su saya a gida. Ya je wurin ɗan Ibon nan, wanda yake da ɗan'uwa a kasuwar Anaca, suka shirya a riƙa kawo kayan tare. Da asuba kuma sai ka ji muryarsa a filin makaranta yana sa samarin unguwa gudu, yana ɗingishi a bayansu da gwiwarsa, yana gaya musu ba za su kai ko'ina da wannan tumbin ba. Horon kyauta ne. Kambas ɗin ne ba kyauta ba. Yanzu burinsa, in ji shi, yayana ya gama shekarunsa ya dawo ya tarar da shago ya ninka.

Ni kuma sakamakona ya fito, na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa, don na san reshen kati a hannuna yake. Na same shi yana jera bokitai, na faɗa masa a tsorace.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "su ma suna sa yunifom ko?"

"Fari ne, Baba."

"To, fari ba laifi." Ya ci gaba da jera bokitansa. Can ya tsaya, ya dubi kusurwar shagon inda muke ajiye jarkokin kananzir, ya auna ta da ido daga ƙasa zuwa sama.

"In kin gama, za su ba ki izinin sayar da magani?"

Na ce ban sani ba tukuna, ko makarantar ban shiga ba.

"Ki tambaya da kin isa," ya ce. Sannan ya ƙwala wa ƙanena kira ya zo ya kwashe jarkokin, ya kuma biya ya gaya wa kafinta ana nemansa.